Ranar da Mushe Filo Ya Zo Ta'aziyya Zugu

An rushe zauren gidanmu na Zugu, garin da ake rubutawa Djougou a takarda. 'Ya'yan ƙanena ne suka rushe shi, kuma ban ga laifinsu ba, don ginin ƙasa ne, damina ta daɗe tana cinsa. A wurinsa yanzu shaguna ne na bulo, ɗaya ana sayar da waya, ɗaya ana aski. Da na je na tsaya a bakin shagon askin, sai na tarar da samari biyu suna gardama a kan wani mutum da suka gani a waya yana cewa addini mutane ne suka ƙirƙiro shi. Ɗaya yana zagin iyayen mai maganar, ɗaya yana dariya yana cewa ai gaskiya ya faɗa. Babu wanda ya bari ɗan'uwansa ya kai ƙarshen magana. Na so in gaya musu cewa a daidai inda kujerar askin nan take an taɓa yin wannan zance, kuma har aka tashi ba wanda ya ɗaga murya. Amma na san da zarar tsoho ya ce "a zamaninmu", idon yara ya koma kan waya. Shi ya sa na dawo gidana a Parakou, na zauna na ce bari in rubuta.

Mu jikokin fataken goro ne. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja da jakuna, suka yada zango a Zugu, zangon ya zama gida. Abin da na buɗe ido na gani a zaurenmu shi ne huhunan goro a jingine da bango, da ƙanshin ganyen fita mai laima. Da an sallame sallar asuba Baba zai kwance huhu, mu zazzage goron a kan tabarma, mu bi shi ɗaya bayan ɗaya muna tsince wanda sankara ta taɓa, a yayyafa ruwa, a sake sabon ganye, a ɗaure. Daga cikin gida kana jin turmin Inna tana kirɓa sakwara, kana jin guga yana bugun bakin rijiya, daga makwabta kuma ƙarar yara masu karatun allo a gaban Kawu Malam, yayan Inna. A kasuwa ana ciniki da yaren Dandi, a gida Hausa, a ofis Faransanci, kuma ba wanda ya ɗauki wannan wani abin mamaki. Baba ba mai yawan magana ba ne. In goro ya yi kyau sai ya ce, "To." In ya lalace ma sai ya ce, "To." Mu ne muka koyi bambanta su.

Turawa ba su daɗe da sauka daga mulki ba, ƙasar tana amsa sunan Dahomey, lokacin da Baba ya sa ni lakwal. Ba don yana sha'awar boko ba ne. Ya gaji da tsayawa a gaban ma'aikatan duwan, wato kwastan, suna karanta masa takardar da bai san abin da ke ciki ba. Kawu Malam ya yarda, amma da sharaɗin allona ba zai bushe ba. Haka na taso, da safe kaye, littafin rubutu, da alƙalamin boko, da yamma allo da tawada. Da na ci jarrabawa aka tura ni lise, babbar sakandare, a Parakou, na sauka gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, a Banikanni. Wanda ya san Banikanni ta yau, da shagunan walda da masu zem, 'yan acaɓa, suna ratsa mutane da babura, ba zai yarda ba in na ce a bayan gidan Gwaggo gonakin doya ne har iya ganinka. Da hantsi muna jin kukan jirgin ƙasa da ya taso daga Kwatano, sannan kamiyoyi, manyan motocin kayan da za su haura Nijar, su fara gurnani a tasha. Ni ne mai ɗebo wa Gwaggo ruwa, ni ne mai faskare, ita kuma ba ta taɓa bari na fita ba tare da koko a cikina ba.

A ajin ƙarshe aka ba mu wani malami mutumin kudu, siriri, mai farar riga gajeren hannu, kullum da alli a wandonsa. Darasin filozofi, wato falsafa, yake koyarwa, shi ya sa muke kiransa Mushe Filo, don da Faransanci mushe ake ce wa malam, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakinmu. Yana zuwa a kan wata tsohuwar mobileti, ƙaramin babur, da sai an tura take tashi. Ranar farko ya ce mana a ajinsa babu tambayar da aka hana. Ni da na saba da karatun da ake biya maka ka maimaita, wannan magana ta shige ni ƙwarai. Na ƙaunaci mutumin nan. Har yadda yake karkata kai in yana sauraro na kwaikwaya.

Wata rana ya rubuta a tabulo, allon aji: daga ina addini ya fito? Muka dubi juna, don a cikinmu akwai Musulmi, akwai masu zuwa coci, akwai waɗanda iyayensu ke yanka a gindin itace. Ya ce masanan Turai sun yi ta kai da kawo a kan wannan. Wasu sun ce tsoro ne asali: mutumin farko ya ji aradu, ya ga fari ya kashe shuka, ya ga cuta ta ɗauke ɗansa, bai san dalili ba, sai ya ɗauka akwai mai fushi a sama da ya kamata a lallashe shi. Wasu sun ce mafarki ne: mutum ya binne mahaifinsa, ya kwanta ya gan shi yana tafiya yana magana, ya farka ya ce ashe akwai wani abu a jikin mutum da ba ya mutuwa, daga nan aka fara ajiye wa matattu abinci, kakanni suka zama abin bauta. Wasu kuma sun ce jama'a ce: in mutane suka taru suna waƙa da murya ɗaya, kowa yakan ji wani ƙarfi da ya fi nasa, sai suka sa wa ƙarfin nan suna, alhali nasu ne. Daga nan ya zana tsani. A matakin ƙasa masu bautar itace da duwatsu, a sama da su masu alloli da yawa, sannan masu Allah ɗaya, a can ƙoli kuma ilmin kimiyya. Ya ce za mu dawo kan tsanin nan, don akwai magana a kansa. Ni ban jira maganar ba. Na ga inda nake so in tsaya, na haye.

Da aka ba da hutu na koma Zugu da abin a bakina. Ban isa in kai wa Baba ko Kawu ba, sai na samu Inna a madafa tana yanka wagashi, cukun Fulani, za ta soya. Na tsuguna na zayyana mata batun aradu da tsoro, da Hausar da na cakuɗa da Faransanci don ta ji na yi karatu. Ta saurare ni har na gama, wuƙa ba ta tsaya ba.

"To ni dai ba na tsoron aradu," in ji ta. "Kai ne kake shigewa zanena in ta yi. Kuma ni ce mai sallah."

Na ce ai ba ita ake nufi ba, mutanen farko ake nufi.

"Allah ya ji ƙansu. Shi mushen naku yana da mata a can?"

Na ce a'a, iyalinsa suna kudu.

"Shi ya sa. Mutum ba ya cin abinci mai kyau, dole ya yi ta tunani."

Ranar da zan koma ta ƙulla yaji a gwangwani, ta naɗe wagashi soyayye a ganye, ta ce in kai masa, in ce uwata tana gaishe shi, ya riƙe mata ni da kyau. Na ji kunyar kai wa malamin filozofi yaji, amma na kai. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa na koya masa yadda ake cewa "na gode" da Hausa, ya ce in mayar mata. A cikin watannin nan sallah ta fara zame mini. Ba rana ɗaya na ajiye ta ba. Na fara da jinkiri, na koma haɗawa, daga baya in na ɗaga hannu zan yi kabbara sai in ji kamar wani yana tsaye a gefe yana bayyana mini dalilin da ya sa nake yi.

Farkon damina, jarrabawar bak ta kammala lise ta matso, wani direban kamiyo da ke ɗaukar wa Baba kaya ya zo gidan Gwaggo ya ce a zo da ni, jikin Inna ya yi tsanani. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Kafin mu isa ta cika. Na tarar da mata a cikin gida suna salati, an riga an yi mata wanka. Aka fito da ita, aka jera sahu a ƙofar gida, Kawu Malam ya shige gaba. Na tsaya a sahu kusa da Baba. Aka yi kabbara, bakina bai buɗe ba. A maƙabarta, bayan an mayar da ƙasa, kowa ya ɗaga hannu ana yi mata addu'a, nawa hannuwan suna rataye a gefena kamar ba nawa ba. Ba taurin kai ba ne. Ina so in roƙa mata, amma duk kalmar da ta taso sai in ji darasin nan ya riga ta: ga jama'a sun taru, ga tsoron mutuwa, ga abin da aka ce.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne ana cikin zaman makoki. Bayan azahar gajiya ta kwashe ni a ɗakinta, barci ya ɗauke ni, sai ga Inna a bakin rijiya tana jan guga, ta juyo ta ce in zo in kama mata. Na ji muryarta sarai. Na farka da farin ciki, kafin in tashi zaune farin cikin ya koma ɗaci. Na ce wa kaina, ga shi nan, abin da aka koya mana ke nan, haka mutumin farko ya yi mafarki ya ruɗi kansa. Ko ganin uwata a barci ban samu na more ba. Na fito tsakar gida ina kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne ta. Baba ya kira ni zaure, lokacin babu baƙi.

"Na ga hannunka a maƙabarta," in ji shi. "Ciwo yake yi?"

Na ce a'a.

"To me ya hana ka roƙa wa uwarka?"

Na ce, "Baba, wa ake gaya wa?" Da na fara kuma sai na kasa tsayawa. Na ce mutane ne suka ji tsoro suka ƙirƙiro, na ce mafarki ne, na ce an yi bincike. Ina magana ina shessheƙa. Na zaci zai mare ni, kuma da ya mare ni da na ji sauƙi. Sai ya daɗe yana kallon huhunan goro, sannan ya ce, "To. Karatun ya isa haka. Za a ɗauko maka akwatinka." Ya tashi ya shiga gida. Washegari na koma tsintar goro a tabarma, shi a can gefe, ni a nan. Jarrabawar da na yi shekaru ina hangenta ta tafi, kuma abin da ya fi ta ciwo, Baba ya daina kallon fuskata.

Direban da aka aika ɗauko akwatin ne ya kai labari Parakou. Ranar Lahadi da hantsi, an kwana ana ruwa, muna zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, sai muka ji tarin mobileti a ƙofar gida. Mushe Filo ne. Tun asuba ya taso, hanya duk taɓo, farar rigar nan ta koma ja har kafaɗa. Ya tuɓe takalmi a bakin zaure ba tare da an gaya masa ba, ya durƙusa a gaban Baba ya yi ta'aziyya da guntun yaren Dandi da ya iya. A zauren akwai Kawu Malam, akwai kuma wani tsoho mutumin Yom daga Kolokondé, abokin cinikin Baba tun suna samari, wanda ya kawo doya gudummawa. Shi ba Musulmi ba ne, addinin kakanninsa yake bi. Baba ya amsa gaisuwar a taƙaice, ya sa aka kawo ruwa. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Kawu Malam ne ya buɗe zancen. Ya dube ni ya ce, "Kai za ka yi mana tafinta. Kada ka rage, kada ka ƙara, ko da maganar ba ta yi maka daɗi ba." Sannan ya juya ga baƙo. "Mushe, an ce kai ka gaya wa yaron nan uwarsa ba ta je ko'ina ba."

Na juya maganar zuwa Faransanci. Mushe Filo ya karkata kai yadda ya saba.

"Malam, ban faɗi haka ba, kuma ba zan iya faɗa ba, don ban sani ba. Na koya musu abin da masana suka ce game da yadda mutane suka fara bauta. Matar nan ta aiko mini da abinci ba ta taɓa ganina ba. Na zo ne in yi gaisuwarta, in kuma roƙi a bar ɗanta ya gama."

"To faɗa mini abin da masanan suka ce. Ina so in ji daga bakinka."

Ya faɗa, ni ina juyawa: tsoro, mafarki, taron jama'a. Da ya zo kan batun matattu, yadda kewar wanda ya rasu take sa a ajiye masa abinci, a yi masa siffa, har jikoki su wayi gari suna bauta masa, sai na ga Kawu ya gyara zama.

"Tsaya. Wannan ai muna da shi. A wurinmu an ce kafin Annabi Nuhu akwai wasu bayin Allah salihai. Da suka rasu mutanensu suka yi kewarsu, suka sassaƙa siffofinsu don su riƙa tunawa da su. Waɗanda suka sassaƙa sun san abin da suka yi. Jikoki ne suka zo ba su sani ba, suka durƙusa. Ashe masananku sun biyo ta nan."

Mushe Filo ya ce bai taɓa jin wannan ba, ya roƙi a maimaita masa. Kawu ya maimaita, sannan ya ce, "Bambancinmu ɗaya ne. Ku kun ce daga nan aka fara, aka yi ta hawa har aka kai ga Allah ɗaya. Mu mun ce da Allah ɗaya aka fara tun Annabi Adamu, an halicci kowane ɗa da saninsa a zuciya, daga baya aka manta aka gangaro. Wa ya ga farkon a cikin masananku?"

"Babu wanda ya gani. Sun tono kaburbura ne na mutanen da suka shuɗe tun kafin a san rubutu, suka tarar an kwantar da mamaci da kyau, an ajiye masa kayan aikinsa a gefe. Wannan an gani da ido. Dalilin da ya sa suka yi haka kuwa, hasashe ne, kuma har yau masanan ba su daidaita ba. Malam, kai fa, wa ya gani a cikinku?"

Na yi jinkirin juya wannan, Kawu ya harare ni, na juya. Sai ya yi murmushi. "Ni ma ban gani ba. An gaya mini ne, na gaskata wanda ya faɗa. Ban ɓoye wa kowa cewa imani sunansa ba."

Daga nan Kawu ya tambayi batun tsanin, don na taɓa ambatonsa a gaban Baba. Mushe Filo ya yi ɗan tsaki, ya ce wannan tsanin shi ne abin da ya fi ƙi a cikin darasin, kuma ya zana shi ne don ya rushe shi a ƙarshen shekara, kafin jarrabawa. Ya ce waɗanda suka ƙera shi sun ɗora kansu a ƙoli, suka ajiye irin kakanninsa a ƙasa, alhali ba su zauna sun tambaye su ba. Kawu ya ce to ga mai amsa a zaune, ya juya ga tsohon Kolokondé da yaren Dandi, ya tambaye shi wa suke yi wa yanka a gindin itace. Tsohon ya yi dariya ya ce itace ai itace ne, ko akuya ta san haka. Ya ce iyayensu da suka riga mu gidan gaskiya suke kira, su kai kuka wurin Na Sama, don shi ya yi nisa, ba a tunkararsa kai tsaye. Kawu ya ce a nan suka rabu, shi a wurinsa babu ɗan aike tsakanin bawa da Ubangijinsa. Tsohon ya ce ya sani, sun shekara da shekaru suna wannan musu, doya dai ba ta fasa zuwa ba.

Sai Mushe Filo ya juyo gare ni, ya yi magana da ni kai tsaye. Kawu ya ce wannan ma in juya, kowa ya ji. Haka na tsaya ina fassara faɗan da ake yi mini.

"Ka ɗauki rabin darasi ka gudu da shi. Ko da an tabbatar cewa tsoro da mafarki ne suka fara kai mutum ga bauta, wannan ya nuna hanyar da ya bi ne kawai. Likita zai iya bayyana maka yadda ƙishirwa take tasowa a jikinka, amma bayaninsa ba zai gaya maka ko akwai ruwa a rijiyarku ko babu ba. Wannan wata tambaya ce daban, kuma ni ban amsa ta ba, ko wa kaina. Tawa uwar ta rasu ina karatu a waje. Duk lokacin da na je gida ina zuba mata ruwa a ƙasa yadda ake yi a wurinmu. Ban san ko yana isa gare ta ba. Ban fasa ba."

Da na gama juyawa, sai Baba ya jawo huhu ya zaɓo farin goro babba, ya ɓare shi, ya miƙa wa Mushe Filo ɓari, ya miƙa wa Kawu ɓari. Aka kawo sakwara da miya, baƙo ya ci, aka ba shi rigar Baba ya sa kafin tasa ta bushe. Kawu bai musuluntar da shi ba, shi ma bai raba Kawu da komai ba. Bayan la'asar muka tura masa mobileti har ta tashi. Game da komawata lise kuwa, Baba bai ce masa e ba, bai ce a'a ba.

Na koma, na ci bak, na yi shekaru ina koyar da ilmin halittu a makarantun arewa har na yi ritaya. Sallah ta dawo mini a hankali, kamar yadda ta tafi, kuma tambayoyin ba su bar ni ba, sai dai sun daina hana ni sujada. Mushe Filo an mayar da shi kudu, ban sake ganinsa ba. In na tuna su sai in ga irin arzikin da aka yi mini. Yau yaro in ya yi irin tambayata, ko dai a kore shi daga gida, ko ya samu waɗanda za su tafa masa su ce ya waye, duka biyun kuma ba wanda ya zauna da shi. Ni na samu malamin boko da ya ratsa taɓo ya ce "ban sani ba" a gaban ɗalibinsa, na samu malamin allo da ya ce "faɗa mini in ji" kafin ya yanke hukunci. Allah ya saka musu, kowanne da abin da ya dace da shi, shi ya fi ni sanin wannan.

Amma yadda aka yi na koma ɗin, Baba ne. Kwanaki kaɗan bayan zuwan baƙon, da safe bayan mun ɗaure goro, ya ce in sa takalmina. Na bi shi, ban san inda za mu ba, har muka isa maƙabarta. Ruwa ya sa ciyawa ta fara tsirowa a kan kabarin Inna. Ya tsuguna yana cire ta da hannu, ni ma na tsuguna ina tayawa. Bai dube ni ba ya fara magana.

"Kana tsammani ni na ga inda take ne? Ban gani ba. Tambayar da ka yi mini, na yi ta a hanyar Gwanja, shekarar da na binne yayana a daji na taho na bar shi. Ni dai ban samu wanda zan yi wa ita da ƙarfi ba." Ya karkaɗe hannunsa. "Direba zai tashi bayan azahar, akwatinka yana cikin motar, ban sa an sauke ba. Ka je ka ji sauran rabin darasin. Yanzu zan roƙa mata. In ka iya, ka taya ni. In ba ka iya ba, ka tsaya kusa da ni kawai, kada ka tafi."

Ya fuskanci gabas, ya matsa gaba kaɗan yadda zan kasance a bayansa, ya ɗaga hannu. Ya daɗe yana roƙo, yana kiran sunanta na yanka wanda ban taɓa jin ya faɗa ba. Da ya shafa, ya miƙe ya kama hanya, na bi shi. Bai waiwaya ya ga abin da hannuwana suka yi ba, kuma har ya bar duniya bai tambaye ni ba.